TARIHIN YANKAN DAIMON: Dalilin Da Ya Sa Mai Siffar Ƙwai Sai Da Ido Ake Sayensa

Yau ba maganar caji ko sikirin za mu yi ba, duk da cewa waya za ta shigo ciki daga baya. Idan kana leƙa TikTok da Instagram da sitatus na WhatsApp, ka san yadda tallar zobe da sarƙa daga Dubai ta yi yawa, musamman lokacin haɗa lefe. A ɗora zobe a ƙarƙashin fitila, a juya shi yana walƙiya, a rubuta "daimon na gaske, da takardarsa". Wanda kuma ya fi tashe yanzu shi ne mai siffar ƙwai, dogo kaɗan, wanda Turawa ke kira obal.

Abin da nake so ka fita da shi daga wannan rubutu guda ɗaya ne. Dutsen daga ƙasa yake fitowa, amma walƙiyar da ke jan idonka aikin hannun mutum ce. Shi kuma mai siffar ƙwai, takardar da ake nuna maka galibi ba ta faɗin ko wannan aikin ya yi kyau ko bai yi ba. Don ka gane dalili, sai mun koma baya.

Kafin nan, bayani kaɗan kan suna. A labarai za ka ji ana cewa lu'u-lu'u, amma wannan kalmar asalinta ta ƙwayar da ake samu a cikin kumbar teku ce. Don gudun ruɗani zan riƙa cewa daimon. Haka kuma karat na daimon nauyi ne: karat 1 daidai yake da giram 0.2, wato karat 5 ne giram ɗaya. Ba shi da alaƙa da karat 18 ko 21 na gwal, wanda ke nuna yawan zinarin da ke cikin haɗi.

LOKACIN DA NAUYI NE KOMAI

Har zuwa wajen shekarar 1725 da aka gano shi a Burazil, kusan duk daimon ɗin da ke yawo a duniya daga Indiya yake fitowa, musamman yankin Golconda. Idan ka ga ɗanyensa ba zai burge ka ba. Kamar ƙanƙarar alimun yake, ko fasasshiyar kwalba da ta daɗe a cikin yashi. Mutanen da suna girmama shi ne saboda taurinsa da ƙarancinsa, kuma ba sa son a rage masa nauyi. Sai dai a ɗan goge fuskokinsa a bar shi.

Matsalar ma ita ce, da me za ka yanke shi? A shekarar 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara ma'aunin taurin duwatsu daga 1 zuwa 10, daimon ne a kan 10. Babu wani dutse da ke iya karce shi sai ɗan uwansa. To da garinsa ake goge shi. A ƙarni na 15 masu sana'ar a ƙasar da yanzu ake kira Beljiyam suka kyautata wani faifan ƙarfe mai juyawa, ana shafa masa man zaitun da garin daimon, a danna dutsen a kai har fuska ta fito sumul. Ana danganta wannan faifai da wani Lodewyk van Bercken na garin Bruges. Har gobe irin wannan faifan ake amfani da shi, sai dai yanzu lantarki ke juya shi.

Daga nan salon yanka ya riƙa canzawa. Da farko mai tsini sama da ƙasa, kamar yadda Allah ya halicce shi. Sai aka fara sare tsinin sama ya zama shimfiɗaɗɗe kamar tebur. A ƙarni na 16 aka samu mai lafaffen gindi da ƙananan fuskoki a sama. Antwerp da Amsterdam suka zama cibiyoyin wannan sana'a. Kowane sabon salo yana ƙara yawan fuskoki, yana kuma ƙara cin nauyin dutsen. A nan rigimar take, kuma har yau ba ta ƙare ba: mai dutse yana son nauyi domin da karat ake biyansa, ido kuma yana son haske.

DUTSEN DA YA BA SARAUNIYA KUNYA

Babu labarin da ya nuna wannan rigima kamar na Koh-i-Noor, wanda ma'anar sunansa da Farisanci ita ce Dutsen Haske. Yana cikin dukiyar sarakunan Mughal a Delhi har 1739 da Nader Shah na Farisa ya ci birnin ya tafi da shi. Ya bi ta hannun sarakunan Afghanistan, a 1813 ya faɗa hannun Ranjit Singh na Punjab. Da Turawan Ingila suka mamaye Punjab a 1849, suka sa ɗansa Duleep Singh, yaro ɗan shekara 10, ya sa hannu ya miƙa shi. A 1850 aka kai wa Sarauniya Victoria.

A 1851, shekarar da Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Kano a zamanin Sarki Usman, aka yi wani gagarumin baje koli a Landan, aka ajiye dutsen a cikin keji don jama'a su gani. Mutane suka yi ta layi, da suka iso gabansa sai gwiwa ta yi sanyi. Ga girma, karat 186 a awon wancan zamani, amma ba ya walƙiya. Aka kawo fitilu da madubai aka kewaye shi, duk da haka bai gamsar ba.

Mijin sarauniya, Yarima Albert, ya ce a sake yanka shi. A 1852 aka kawo ƙwararru daga kamfanin Coster na Amsterdam, suka kwana 38 suna aiki da injin tururi, aka kashe fam 8,000. Da suka gama, dutsen ya koma karat 105.6. Fiye da kashi 40 cikin 100 na nauyinsa ya tafi a ƙura. Siffar da suka ba shi kuwa ita ce wadda muke magana a kai, siffar ƙwai. Yanzu yana jikin kambin sarauta a Hasumiyar Landan, Indiya da wasu ƙasashe na ta neman a mayar musu.

Ka tsaya ka yi tunani. Mutanen da suka fi kowa ƙarfi a duniya a lokacin sun yarda su zubar da karat wajen 80 don kawai dutse ya yi haske. Kai kuma yau idan za a sayar maka, abu na farko da za a faɗa maka shi ne nauyi.

YARON DA YA KAWO LISSAFI

A 1867 aka tsinci daimon a bakin kogin Orange a Afirka ta Kudu, a 1871 aka fara haƙa a Kimberley, a 1888 Cecil Rhodes ya haɗe ma'adinan a ƙarƙashin kamfanin De Beers. Dutse ya yawaita, masu yanka suka samu abin gwaji. A shekarun 1870 a birnin Boston na Amurka, Henry Morse da Charles Field suka ƙera injin da ke goga daimon biyu da juna har su zama zagaye sosai. Morse yana cikin waɗanda suka fara dagewa a kan cewa kyau ya fi nauyi.

Amma wanda ya rubuta abin da lissafi shi ne Marcel Tolkowsky, ɗan gidan masu yankan daimon a Antwerp. A 1919, bai wuce shekara 20 ba, yana karatun injiniya a Landan, ya fitar da ɗan littafi mai suna Diamond Design. Ga abin da ya bayyana a sauƙaƙe.

Haske idan ya shiga cikin daimon ta sama, yana dukan bangon gindin dutsen. Idan ya dake shi a karkace yadda ya kamata, ba ya iya fita, sai ya dawo kamar ya daki madubi, ya daki ɗaya bangon, ya fito ta sama zuwa idonka. Wannan dabarar ce ke sa haske ya bi ta cikin wayar faiba mai ɗauko intanet ba tare da ya zube a hanya ba. Ko ka je bakin dam ɗin Challawa da hantsi: idan ka leƙa ruwan da ke ƙarƙashin ƙafarka za ka ga ƙasa, idan ka hangi nesa sai ka ga ruwan ya zama madubi. Kusurwa ce ta bambanta su.

To idan mai yanka ya bar gindin dutsen ya yi zurfi da yawa don kada nauyi ya ragu, hasken sai ya zille ta gefe, tsakiya ta yi duhu. Idan ya yi shi falan-falan don ya yi faɗi a ido, hasken sai ya wuce ta ƙasa kamar ruwa a rariya, ka riƙa hango yatsanka ta ciki. Tolkowsky ya ba da lambobi ga dutse mai zagaye: gindi ya karkata digiri 40.75, kafaɗar sama digiri 34.5, teburin sama ya ci kashi 53 cikin 100 na faɗin dutsen. Fuskoki 57, ko 58 idan an ɗan sare tsinin ƙasa. Mai zagayen da kake gani a yau jikan wannan lissafi ne.

Riƙe wannan da kyau: lissafin na mai zagaye ne. Zagaye ta ko'ina ka auna shi ɗaya ne, don haka kusurwa ɗaya ta wadatar.

YADDA MAI SIFFAR ƘWAI NA ZAMANI YA ZO

Lazare Kaplan dangin su Tolkowsky ne, ya koyi sana'a a Antwerp, ya koma New York. Ya yi suna a 1936 da ya tsaga dutsen Jonker mai karat 726, wanda aka tsinta a Afirka ta Kudu a 1934. An san shi da iya ɗaukar dutsen da wasu suka raina saboda tabo ko karkata, ya fitar da abin kirki daga ciki. Shi ake danganta wa salon ƙwai na zamani, a wajen 1957. Ya ɗauki tsarin fuskokin mai zagaye ya ja shi ya yi tsawo.

Salon ya samu karɓuwa saboda dalilai biyu. Ga mai yanka, ɗanyen dutse dogo ba sai an sare shi ya zama zagaye ba, asara ta ragu. Ga mai saye, ya fi cika ido. Mai zagaye karat 1 faɗinsa wajen milimita 6.5 ne, mai siffar ƙwai karat 1 yakan kai wajen milimita 7.7 a tsawo da 5.7 a faɗi, ga shi yana sa yatsa ya yi kamar dogo. Ɗaya daga cikin duwatsu mafi tsada da aka taɓa yin gwanjonsu ma wannan siffar gare shi: Pink Star, wanda aka haƙo a Afirka a 1999 yana karat 132.5, aka shafe kusan shekara biyu ana yanka shi ya koma 59.60, aka sayar a Hong Kong a watan Afrilun 2017 a kan dala miliyan 71.2.

Sai dai jan da aka yi masa ya zo da lahani. Tunda tsawonsa ya fi faɗinsa, daga tsini zuwa gefe gangaren gindin ya fi tsayuwa, daga tsini zuwa kai kuma ya fi kwanciya. Ba yadda za a yi duka fuskokin su zauna a kusurwa ɗaya. Fuskokin tsakiya sai su riƙa ɗauko hoton abin da ke gabansu kai tsaye, wato kanka da kafaɗunka, kai mai kallo. Shi ya sa za ka ga wata baƙar inuwa ta gitta tsakiyar dutsen, siririya a tsakiya, mai faɗi a gefe biyu, kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fukafukai. Kusan kowane mai siffar ƙwai yana da ita. Gwanin mai yanka yana rage ta ta zama ɗan duhu mai motsi da ke ƙara wa dutsen armashi. Wanda ya bi nauyi kuwa, sai ta zama baƙin tabo da ba ya gushewa.

TAKARDAR DA TA YI SHIRU

A 1931 Robert Shipley ya kafa cibiyar nazarin duwatsu ta Amurka, GIA. Ita ta yaɗa ma'aunai huɗu da duniya ke bi: nauyi, launi, tsabta, da yanka. A 1953 ta fitar da tsarin launi daga harafin D, mara launi ko kaɗan, zuwa Z mai ɗorawa-ɗorawa. Amma makin yanka bai shiga takardarta ba sai a 2006, bayan dogon bincike da kwamfuta, kuma na mai zagaye ne kawai.

Nan ne inda ake yi wa mutane wayo. A takardar GIA ta mai zagaye akwai layi da aka rubuta Cut Grade. A wadda aka saba bayarwa ta mai siffar ƙwai babu wannan layin. Abin da za ka gani shi ne Polish, wato santsin gogewa, da Symmetry, wato daidaiton ɓangarori. Mai talla sai ya nuna maka kalmar Excellent a gaban waɗannan biyun ya ce ai yankan ne ya ci maki. A'a. Kamar a ce an yi wa ɗaki filasta mai kyau, bango kuma ya miƙe, amma ba a gaya maka ko taga tana shigo da haske ba. Wata cibiyar, IGI, ta fara ba irin waɗannan siffofi makin yanka a 'yan shekarun nan, amma ko da shi, duwatsu biyu masu lambobi iri ɗaya na iya bambanta sosai a ido.

INA MU A CIKIN WANNAN TARIHI?

Kada ka ɗauka labarin na Turawa ne kaɗai. Tun kafin zuwansu, fatake Hausawa suna ɗauko jan dutsen lantana daga yankin Kirtachi da ke bakin kogin Kwara a Nijar ta yanzu, su kai Ilori, inda magoga ke goge shi su huda shi ya zama tsakiya mai tsada. Zoben azurfa mai dutsen aƙiƙ da alhazai ke tsarabarsa daga Madina kuwa, duba na hannun mahaifinka, da wuya ka ga dutsen ba siffar ƙwai ba. Idonmu ya daɗe da sanin wannan siffa.

A 1919 aka gano daimon a kwarin kogin Birim a Gana, garin Akwatia ya tashi a kansa, har da zangonsa. Baƙi daga Najeriya da Nijar sun shiga haƙa da saye sosai a wannan yanki, har zuwa 1969 da gwamnatin Busia ta kafa dokar korar baƙi marasa takarda, da yawa suka dawo gida. A Saliyo an gano shi a 1930 a yankin Kono. A ranar 14 ga Fabrairun 1972 aka samu Tauraron Saliyo mai karat 968.9, ɗan kasuwar New York Harry Winston ya saya, aka fitar da duwatsu 17 daga ciki, a can ba a nan ba. Haka Cullinan na Afirka ta Kudu, karat 3,106, da aka samu a 1905, a Amsterdam aka yanka shi a 1908.

A nan gida ma haka abin yake da duwatsu masu launi. Ana haƙo shuɗin yakutu a tsaunin Mambila da kudancin Kaduna, ana samun wasu duwatsun a Nasarawa, a yi cinikinsu a Jos, yawanci su fita ɗanye zuwa Bangkok da makamantansu. Shi kuwa daimon, wajen kashi 90 cikin 100 na duniya a birnin Surat na Indiya ake yanka shi. Mu ne da rami, su ne da faifai. Botswana ce ta yi yunƙurin canza wannan, har De Beers ta ɗauke babban cinikinta daga Landan zuwa Gaborone a 2013. Da yake ba mu gaji yankan ba, ba mu gaji sanin aibinsa ba, shi ya sa mai saye a Kano ko Ƙaraye yake tambayar nauyi da farashi kawai, kamar yana sayen gwal.

YADDA ZA KA DUBA DA WAYARKA

To ga inda tarihin zai yi maka amfani, ko kai ne mai haɗa lefe, ko ke ce 'yar uwa mai son mayar da kuɗin adashi zobe.

1. Nemi lambar takardar kafin komai. Shiga shafin GIA ko IGI na intanet, akwai wurin da ake sa lambar rahoto, bayanan dutsen su fito. Idan ba su fito ba, ko awon ya saɓa, magana ta ƙare. Yawanci ana zana wannan lambar da leza a ƙugun dutsen. Ido ba ya ganinta, amma madubin ƙara girma irin wanda muke duba allon waya da shi yana nuna ta. Duk mai gyaran da ke da shi, a Farm Centre ko a garinku, zai iya duba maka.

2. Buɗe kalkuleta. A takardar akwai lambobi uku na awo, misali 7.70 x 5.70 x 3.50. Raba na farko da na biyu, za ka samu 1.35. Yawancin masu sana'ar sun fi son tsakanin 1.30 da 1.50. Ƙasa da haka ya yi kusa da zagaye, sama da haka ya yi siriri. Wannan ra'ayi ne, zaɓi wanda ya yi maka.

3. Raba na uku da na biyu, 3.50 da 5.70, ya ba ka wajen kashi 61 cikin 100. Shi ne zurfi. Dillalai sukan ba da shawarar 58 zuwa 63, tebur kuma 53 zuwa 63. Idan zurfin ya haura sosai, kana biyan kuɗin nauyin da ke ɓoye a ƙarƙashin zobe. Waɗannan lambobin na tace marasa kyau ne kawai, ba sa tabbatar da mai kyau.

4. Kada ka yarda da bidiyon da aka ɗauka a ƙarƙashin fitilun shago ko da tocilar waya. A irin wannan haske ko gilashin kwalba sai ya yi rawa. Ka ce a ɗauka a bakin taga ko a inuwa da rana, ba filasha, ba tacewa, a juya dutsen a hankali hagu da dama. A turo shi ta hanyar Document a WhatsApp don kada ya matse ingancin hoton.

5. Tsayar da bidiyon a wurare daban-daban ka duba tsakiya. Idan inuwar nan tana haskawa tana dusashewa yayin da dutsen ke motsi, ba laifi. Idan ta zauna baƙa wuluk duk inda aka juya, bar shi.

6. Duba kawunan biyu. Su ma su riƙa walƙiya, kada su yi fari dishi-dishi kamar dakakkiyar ƙanƙara. A nan kuma launin ɗorawa ya fi taruwa a wannan siffa.

7. Ɗauki hoton sikirin, ka ja layi a tsakiya a tsaye da a kwance. Ɓangarorin su zama ɗaya. Mun ce siffar ƙwai, amma ƙwan kaza kai ɗaya ya fi tsini. Na ƙwarai kawunansa biyu daidai suke, gefensa kuma lanƙwasa ce mai laushi, ba miƙaƙƙen layi ba.

8. Idan dutsen yana hannunka kuma ba a ɗaura shi a zobe ba, kifa shi a kan rubutu. Idan kana iya karanta harafi ta cikinsa, ko dai ba daimon ba ne, ko an yanka shi falan-falan.

GWAJIN DA BA SHI DA AMFANI

Wasu za su karce gilashi a gabanka su ce ka gani. Wannan ba hujja ba ce. Gilashin waya yana fara karcewa ne daga wajen mataki na 6 a ma'aunin Mohs, yashi kuma yana da ƙwayoyi masu mataki na 7, shi ya sa sikirin ke yin zane a aljihu ko ba ka yar da waya ba. Duk dutsen da ya wuce 6 zai karce gilashi. Suna ma ba hujja ba ne: siririyar wayar da muke raba gilashi da sikirin da ita, a kasuwa da sunan daimon ake sayar da ita, alhali galibi ƙarfe ce.

Ƙaramar na'urar gwaji mai ƙara ita ma tana da iyaka. Saurin ɗaukar zafi take aunawa, kuma akwai dutsen da ake kira moissanite, wanda ya shigo kasuwar ado a 1998, da ke iya ruɗa ta. Sannan akwai daimon na ɗakin gwaji. Kamfanin General Electric ya fara haɗa shi a ƙarshen 1954, yanzu kuma ana yin manya masu kyau. Shi ba jabu ba ne, sinadarinsa ɗaya da na ƙasa, duk abin da na faɗa kan yanka ya hau kansa. Amma farashinsa ya yi ƙasa sosai kuma yana ci gaba da sauka, don haka dole takarda ta faɗi wanne ne, kada a sayar maka da shi a kuɗin na ƙasa.

Abu na ƙarshe, musamman ga iyayenmu mata da ke ɗaukar kayan ado a matsayin kadara. Gwal idan buƙata ta taso, a ɗora a sikeli a biya ki da farashin ranar. Daimon ba haka yake ba. Wanda zai saya daga hannunki zai duba duk abin da muka lissafa a sama, kuma ko dutsen na ƙwarai ne da wuya ya biya abin da kika biya, balle wanda inuwa ta cinye tsakiyarsa. Idan ajiya ake so, gwal ya fi. Idan ado ake so, to a zaɓi ƙarami mai haske a kan babba mai duhu, kuma kada a tura kuɗi sai an yi yarjejeniyar mayarwa idan abin da ya iso ya saɓa da bidiyo.

Duk wanda ke da takardar da bai gane ba, ya rufe sunansa da lambar wayarsa ya ajiye hotonta a wurin sharhi, mu duba lambobin tare. Ku tura wa waɗanda ke shirin biki. Allah Ya sa mu dace, Ya tsare mana halal ɗinmu.